DAGA POPEYE ZUWA CUPHEAD: ME YA SA GEM ƊIN GUDU DA TSALLE YA ƘI MUTUWA?

Yau dai an huta da maganar farashin mai da ƙarin albashi. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta a nutse.

Ranar Asabar na dawo daga ɗaurin aure na tarar da yarona na biyu, ɗan shekara 11, ya kafa wa kwamfutar ƙanina ido a falo, ko sallamata bai amsa ba. Da na leƙa sai na ga wani katun irin na zamanin kakanni: wani ɗan taliki mai kan kofi, da jan gajeren wando da fararen safar hannu, yana tsalle yana harbin wani ƙaton fure da yatsa. Hoton har da ɗigo-ɗigo da kwarzanen tsufa irin na fim ɗin majigi. Na ce masa, "Kai, ina ka samo wannan tsohon abin?" Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Abba ba tsoho ba ne fa, Cuphead ne, na ma girme shi."

Na karɓi hannun gem ɗin da gadarar ai mu ne ƴan zamanin Mario. Ban yi minti ɗaya ba furen nan ya kashe ni. Na sake, ya sake kashe ni. Sai da maman yaran ta leƙo sau biyu tana cewa abinci ya huce. Tun ranar nake tambayar kaina: a zamanin da ake yin gem ɗin ƙwallo da za ka rantse mutanen gaske ne a fili, me ya sa mutane suke komawa ga ɗan katun mai gudu daga hagu zuwa dama yana tsallake rami? Da na bi tarihin abin sai na ga ya fi yadda na zata daɗi.

ASALIN ABIN KATUN NE

Labarin ya fara ne tun kafin a san kwamfuta. A birnin New York na Amurka akwai wasu ƴan uwa biyu, Max Fleischer da ƙaninsa Dave, waɗanda a shekarun 1920 da 1930 su ne manyan kishiyoyin Walt Disney. Su suka yi Betty Boop a 1930, kuma daga 1933 suka fara fitar da katun ɗin Popeye, ma'aikacin jirgin ruwan nan da ke shanye gwangwanin alayyafo ya yi ƙarfi, wanda da yawanmu mun kalla a talabijin muna yara. Salon zanensu shi ne hannuwa da ƙafafu su riƙa lanƙwasa kamar tiyon ban ruwa, babu gwiwa babu ƙashi, kuma komai yana da rai: bishiya tana rawa, buta tana waƙa. Max ya kuma ƙirƙiro wata dabara, wadda ya samu takardar mallakarta a 1917, ta ɗaukar mutum a fim sannan a bi motsinsa a zana hoto bayan hoto, don tafiyar katun ta yi kama da ta ɗan Adam. Ku riƙe sunan nan Fleischer, za mu dawo kansa.

Sai mu tsallaka Japan. Kamfanin Nintendo tsoho ne, tun 1889 aka kafa shi a Kyoto yana buga katin wasa. Wajen 1980 ya aika akwatunan wani gem na harbi mai suna Radar Scope zuwa Amurka, irin waɗanda ake jefa wa tsaba a yi wasa, kasuwa ta ƙi, suka jibge a sito. Aka nemi wanda zai yi sabon gem da za a zuba a cikin akwatunan don a rage asara. Aikin ya faɗa kan wani matashi mai zane, Shigeru Miyamoto, wanda ya shiga kamfanin a 1977, kuma ba injiniya ba ne. Niyyar farko gem ɗin Popeye za a yi, amma ba a samu lasisi a lokacin ba. Sai Miyamoto ya bar labarin yadda yake ya canza ƴan wasan. Ƙaton mugun nan Bluto ya koma goggon biri, Olive ta koma wata budurwa da aka sace, Popeye kuma ya koma wani ɗan kafinta mai gashin baki da ke hawa tsani yana tsallake gangunan da birin ke gangaro masa. Wannan shi ne Donkey Kong na 1981, kuma kafintan nan shi ya zama Mario, daga baya aka mayar da shi mai gyaran famfo. Wato Mario da muka sani a guraren gem, rashin lasisin Popeye ne ya haife shi.

Hatta kamannin Mario talauci ne na na'ura ya zana su. Ɗigogin da ake da su na zana mutum ba su da yawa. Gashi yana da wuyar motsawa, sai aka sa masa hula. Baki ba zai fito ba, sai aka sa gashin baki. Aka sa masa riga da wando masu launi daban don a ga hannunsa yana motsi in yana gudu.

A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe saboda an cika shaguna da tarkacen gem marasa kyau, mutane suka daina saye. Kamfanin Atari har binne kaset-kaset ɗinsa ya yi a bola a garin Alamogordo na jihar New Mexico, abin da wasu suka riƙa ɗauka almara ce sai da aka tono su a 2014. A wannan shekarar ta 1983 Nintendo ya fitar da na'urarsa ta gida, Famicom, a Japan. Ranar 13 ga Satumba 1985 kuma Super Mario Bros. ya fito. An sayar da sama da kwafi miliyan 40, kuma yana cikin abubuwan da suka tayar da kasuwar daga kwance.

Abin mamaki, gem ɗin gaba ɗaya, da duniyoyinsa 8 masu mataki huɗu-huɗu, da kiɗan Koji Kondo da har yau wasunmu ke yi da fito, kilobait 40 ne kacal. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da dama. Don tsimi, gajimaren sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka canza. Matakin farko kuma makaranta ne ba tare da rubutu ba. An ajiye ka a hagu, fili yana dama, dole ka nufi can. Abokin gaba na farko yana tahowa a hankali, ka taɓa shi ka mutu, ka gane sai da tsalle. Ka bugi akwati laimar kwaɗi ta fito, ta bugi bututu ta dawo kanka, kana ƙoƙarin guje mata ta same ka, sai ka ga ka ƙara girma. A cikin rabin minti ka koyi dokokin wasan, ko kana jin Turanci ko ba ka ji.

YADDA YA ISO MANA

Wannan ne ya sa ya karɓu har a lungunanmu. Mafi yawan abin da ya iso mana a farkon shekarun 1990 ba na Nintendo na asali ba ne, kwaikwayon Famicom ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin. Kaset ɗin rawaya, an rubuta gem ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki, in ka bincika ba su wuce goma ba ake ta maimaitawa. In ya ƙi kamawa a ciro a hura masa iska a mayar. A unguwarmu gida ɗaya ne ke da shi, mu kusan takwas a gaban talabijin ɗaya, dokar kuma kowa ya san ta: in ka mutu ka miƙa hannu. Rai uku ne, babu ajiye inda ka tsaya. Ka wahala ka kai duniya ta biyar a ɗauke wuta, gobe daga farko za ka faro. Ga iyaye suna faɗa wai gem yana lalata talabijin.

Shekarun nan su ne ganiyar wannan salon. Sega ya fito da Sonic, shuɗiyar bushiyar nan mai gudu, a 1991 don ya kara da Mario. A 1989 Jordan Mechner ya yi Prince of Persia, inda ya ɗauki ƙaninsa a bidiyo yana gudu da tsalle sannan ya bi ya zana, wato dabarar Max Fleischer ce ta dawo bayan shekara saba'in. A 1993 aka yi Aladdin na Sega, wanda masu zanen Disney da kansu suka sa hannu a motsinsa. A 1995 Bafaranshe Michel Ancel ya yi Rayman. Burin kowa a lokacin shi ne a yi gem da za ka ji kamar katun ne kake tuƙawa da hannunka.

Sai zamani ya juya. PlayStation ya fito a Japan a ƙarshen 1994, Super Mario 64 a 1996, aka shiga duniyar da za ka iya shiga ciki ka juya ko'ina. Manyan kamfanoni suka ɗauki gem ɗin hagu zuwa dama a matsayin tsohon yayi, aka bar shi a ƙananan na'urorin hannu irin Game Boy. Mu ma nan guraren gem suka koma ƙwallo da dambe. In da a 2000 ka tambaye ni, zan ce maka an yi wa Mario na gefe jana'iza.

DAWOWAR

Ashe da sauran numfashi. A 2004 wani Bajafane, Daisuke Amaya, ya saki Cave Story kyauta a intanet bayan ya shafe shekara biyar yana yin sa shi kaɗai a lokacin hutunsa. A 2006 Nintendo ya gwada New Super Mario Bros. a na'urar hannu ta DS, ya sayar da sama da miliyan 30. A 2008 Capcom ya fitar da Mega Man 9 da gangan a kamannin gem ɗin 1980 da wani abu. Abin da ya buɗe ƙofar sosai shi ne sayar da gem ta intanet. Da can sai kana da masana'antar kaset da dillalai da shaguna. Yanzu mutum biyu a ɗaki za su iya yin gem su ɗora a Steam duniya ta saya. Braid ya fito a 2008, Super Meat Boy na mutum biyu a 2010, Shovel Knight a 2014 bayan an tara masa sama da dala 300,000 ta karo-karon intanet.

Nan ne muka dawo kan ɗan kofin da ya kunyata ni. Chad da Jared Moldenhauer wa da ƙani ne, sun tashi a Regina ta ƙasar Kanada suna kallon tsofaffin kaset ɗin katun na 1930 da wani abu, suna buga gem irin su Contra. A 2010 suka fara gwada haɗa biyun. Da aka nuna ɗan gutsuren aikin a babban bajekolin gem na E3 a 2014 mutane suka rikice, sai suka ga dole su faɗaɗa shi. Suka ajiye ayyukansu, suka jinginar da gidajensu. Ni da nake jiran alat ɗin ƙarshen wata na san nauyin wannan shawarar.

Kuma ba su yi wayo da kwamfuta wajen zana motsin ba. Kowane motsi da fensir aka zana shi a takarda, hoto 24 a kowane daƙiƙa ɗaya kamar yadda ake yi a zamanin Fleischer, aka bi da tawada, aikin da matar Chad, Maja, ta ɗauki kaso mafi tsoka a cikinsa. Bayan fage da fentin ruwa aka yi shi. Kiɗan kuma Kristofer Maddigan ya rubuta, makaɗa na gaske suka busa suka kaɗa irin jaz na wancan zamanin. Cuphead ya fito ranar 29 ga Satumba 2017. Cikin mako biyu ya sayar da miliyan ɗaya, zuwa 2020 ya kai miliyan 6, a 2022 Netflix ta mayar da shi katun na talabijin. Salon da ya fara da neman lasisin Popeye ya zagayo ya koma gidan masu zana Popeye.

Ba shi kaɗai ba ne. Hollow Knight na wasu mutum uku a Adelaide ta Ostareliya ya fito a 2017, shi ma zanen hannu ne. Da cigabansa Silksong ya fito ranar 4 ga Satumba 2025 a kan dala 20, cunkoson masu saye sai da ya sa shagunan intanet irin Steam suka tsaya cak na wani lokaci. Ku kwatanta da ɗaya ɓangaren. Takardun kotu a 2023 sun fallasa cewa Sony ya kashe kusan dala miliyan 220 a kan The Last of Us Part II kaɗai. A 2024 kamfanin ya fitar da Concord, mako biyu kacal aka rufe shi aka mayar wa mutane kuɗinsu. A 2023 da 2024 dubban ma'aikatan manyan kamfanonin gem aka sallama. In gem ya ci irin wannan kuɗin, kamfani ba ya iya yin kasada da sabon tunani. Ƙananan ne ke da wannan ƴancin.

TO MENE NE SIRRIN?

Amsar da kowa ke fara bayarwa ita ce kewar yarinta, kuma akwai gaskiya a ciki. Yaran da suka buga Mario a 1990 su ne ƴan arba'in da wani abu yau, su ke da katin banki, kamfanoni kuma sun san haka. Amma kewa ba ta bayyana yarona ba. Bai taɓa hura kaset ba, bai san Popeye ba, me zai yi kewa?

A ganina abu na farko shi ne sauƙin doka. Ga ka, ga rami, ga inda za ka. Komai yana gaban idonka, babu abin da zai zo ta bayanka daga inda ba ka gani. Mutumin da ya wuni yana bin fayil daga ofis zuwa ofis bai san wanda ya riƙe shi ba, ya san daɗin wurin da doka take a fili.

Na biyu adalci. Cuphead yana da wuya ƙwarai, amma in ka mutu ka san laifinka ne, kuma yana nuna maka a layi inda ka kai da saura nawa ka gama da bos ɗin. Sai ka ce bari in ƙara ɗaya. Celeste na 2018, labarin wata yarinya mai fama da damuwa da ke hawan dutse, har ƙirga maka yake sau nawa ka mutu, kuma yana mayar da kai nan take ka sake gwadawa. Na lura yarona, wanda lissafi ɗaya in ya ƙi fita yake jefar da biro, ya yi wa furen nan gwaji ya fi talatin bai yi fushi ba. Ban ce gem zai koya masa lissafi ba, amma na ga yana da haƙurin da ban san yana da shi ba.

Na uku, zane ba ya tsufa kamar kwaikwayon gaskiya. Ku nemo gem ɗin ƙwallon da muke cewa kamar gaske a 1999 ku kalla yau, fuskokin kamar an sassaƙa da gatari. Aladdin na 1993 kuwa har yanzu kyakkyawa ne, don tun farko bai ce shi hoto ba ne.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna a matsayin uba. Irin waɗannan gem ɗin sau ɗaya ake saye, suna da farko suna da ƙarshe, yawancinsu ba sa buƙatar data bayan an sauke. Gem ɗin kyauta da ke cike da wayoyin yaranmu kuwa talla ce bayan talla, da akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan a matsayin caca. A garin da shagunan bet suka cika kowane layi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

AMMA A YI HATTARA

Ba komai na da ne zinariya ba. Katun ɗin Amurka na 1930 da wani abu cike suke da zanen wulaƙanta baƙar fata, manyan leɓɓa da zare ido, wanda ya samo asali daga wasannin da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi. Masu Cuphead sun kauce wa waɗannan hotunan, amma marubuta baƙaƙen fata a Amurka sun yi musu tambaya mai nauyi: za a iya ɗauko kwalliyar wani zamani a bar dattinsa kamar bai faru ba? Mu da abin ya shafa ya kamata mu san wannan tarihin, mu kuma gaya wa yaranmu.

Sannan iyaye su san labarin Cuphead kansa. Yaran biyu sun shiga gidan cacar Shaiɗan ne suka yi asarar rayukansu a jefa ƙwaya, sai ya tura su karɓo masa bashi. Ƙarshensa yana nuna caca halaka ce, amma kowane uba shi zai duba ya yanke wa gidansa hukunci. Kar kamannin katun ya sa a ɗauka komai na yara ne. Ni na zauna na kalla tare da shi, muka yi maganar, na kuma sa masa lokaci.

Akwai kuma wata asara da ke tafe a hankali. Wani bincike da gidauniyar tarihin gem ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na gem ɗin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Ana ta yin sababbi masu kama da na da, na dan kuma suna ɓacewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kayan aikin mutanen nan: fensir, takarda, tawada, kwamfuta, da shekaru bakwai na naci. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, gem mai zanen hannu da labarin da aka gina a kan al'adun Afirka, duk da matsalar wuta irin tamu. Kowane ajin sakandare a nan akwai yaron da ke cika bayan littafinsa da zane ana dukansa a kai. Gizo kuwa, da wayonsa da tsallensa da yadda kullum yake faɗawa rami ya fito, ban ga abin da Mario ya fi shi ba.

Ni dai har yanzu ban ci furen nan ba. Yaron ya ci shi ranar Lahadi, ya zo har ɗaki ya gaya mini, ya ce in ina so zai koya mini. Na ce sai Asabar.

Ƴan zamaninmu, wa ya taɓa kai Mario ƙarshe ba tare da bin bututun tsallake duniya ba? A faɗi gaskiya fa.